Yadda Ake Zaɓen Wuƙa da Gatari Masu Sauƙin Kuɗi Ba Tare da An Sayi Gwangwani Ba

Idan Babbar Sallah ta matso, ko damina ta faɗi aka fara zirga-zirgar gona, tallan wuƙaƙe da ƙananan gatura kan cika wayoyin matasa. Saurayi na zaune a teburin mai shayi a Gawon Nama, yana latsa waya, sai ga bidiyon wata baƙar wuƙa mai zane-zane tana datse igiya kamar taliya. Nan take zai tura kuɗi. Ranar layya, kafin a gama fiɗar rago ɗaya ta dakushe, alhali mahaucin unguwa na can yana aiki da tsohuwar wuƙar maƙera wadda ba ta da wani kyan gani.

Hoto ba ya nuna ingancin wuƙa. Abubuwa uku ne ke nuna shi: irin ƙarfen da aka yi ta da shi, yadda aka haɗa ruwanta da ƙota, da kuma ko ta dace da aikin da za a sa ta. Wanda ya san waɗannan zai iya samun kaya mai kyau da kuɗi kaɗan.

Ƙarfe iri biyu ne

Na farko shi ne baƙin ƙarfe mai yawan sinadarin kabon. Yana ɗaukar kaifi sosai, kuma ba ya wahalar wasawa, ko da a kan dutse ne. Matsalarsa tsatsa: idan aka yanka nama ko lemon tsami aka ajiye shi ba a goge ba, kafin gari ya waye ya fara ja. Akan ga lambar 1095 a jikin irin wannan, wato kabon ɗinsa ya kai kusan kashi 0.95 cikin ɗari. Maƙeran gida sukan yi amfani da ƙarfen sifirin na tsofaffin motoci, wanda shi ma danginsa ne, shi ya sa wuƙarsu ke ci.

Na biyu shi ne ƙarfe marar saurin tsatsa, wanda ake rubuta wa Stainless ko Inox. Kafin ƙarfe ya ci wannan suna, sai sinadarin kuromiyom da ke cikinsa ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. To amma kalmar ita kaɗai ba ta isa shaida ba, domin cokali ma haka ake rubuta masa. Lambar da ke biye ake dubawa. A wuƙaƙen ƙasar Sin, 3Cr13 na nufin kabon kusan kashi 0.3 ne kawai, don haka tana da laushi, tana saurin dakushewa. Ita kuwa 8Cr13MoV kabon ɗinta ya kai kusan 0.8, ta fi riƙe kaifi, kuma har yanzu tana cikin masu araha. Lambobin 420HC, 440C da 12C27 su ma ba su da laifi.

Wani lokaci akan rubuta taurin ƙarfen da haruffan HRC. Ga wuƙar aiki, daga 56 zuwa 60 ya wadatar. Ƙasa da haka baki na lanƙwashewa, sama da haka sosai kuma yana iya ɓantarewa idan ya ci karo da ƙashi.

Akwai kuskure biyu da suka yaɗu. Wasu kan kara maganaɗisu, wai idan ya kama to ƙarfen jabu ne. Ba haka ba ne, ƙarfen wuƙa marar tsatsa ma maganaɗisu na kama shi. Wasu kuma zanen nan mai kama da igiyar ruwa, wanda ake kira Damaskus, shi ke ruɗarsu. A kaya masu arha sosai, sau da yawa zanen a saman ƙarfen kawai aka buga shi, ba ya ƙara wa kaifi komai.

Mai kube ko mai naɗewa?

Wuƙa mai kube, wadda ba ta naɗewa, ita ta dace da fiɗa, yankan igiya da aikin gona. Abin dubawa shi ne ƙarfen ya shige cikin ƙota da nisa, in so samu ne ya ratsa ta har ƙarshe, ana ganinsa tsakanin katako biyu da aka ɗaure da ƙusoshi. Wadda aka liƙa da gam kawai, ranar da aka matsa mata za ta rabu biyu a hannu. Ruwa mai tsawon santimita 9 zuwa 12 ya isa kusan kowane aiki. Dogayen nan masu haƙora a baya, na fim ne.

Mai naɗewa kuwa ta aljihu ce: ɓare mangwaro, buɗe kwali, feƙe wayar lantarki. A nan makulli ne abin lura. Idan aka buɗe ta tana girgiɗi, ko ta rufe da an ɗan danna bayanta, yatsa na cikin haɗari.

Akwai sunayen da suka daɗe a kasuwar masu ƙaramin ƙarfi. Morakniv ta garin Mora ce a ƙasar Suwidin, tarihinta ya faro daga 1891, kuma samfurinta Companion na da ruwa mai kimanin santimita 10. Opinel ta Faransa ce, Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890, a 1955 aka ƙara mata zoben da ke kulle ruwa. Okapi, wadda ta shahara a Afirka, an fara yin ta a Jamus a 1902, daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Victorinox ta Suwizalan, wadda Karl Elsener ya kafa a 1884, ita ce mai jar ƙotar nan da ke haɗe da almakashi da sukurdireba. Duk sunan da ya yi fice, ana buga na bogi da shi, don haka farashin da ya yi ƙasa fiye da kima alamar tambaya ce. Araha ba ta ado.

Gatari: na gida da na waje

A gatarin maƙeran Hausa, ƙarfen ne ke da tsini a baya, ana soka shi cikin kumburarren kan ƙota. A na Turawa kuwa, ƙarfen ne ke da rami, ƙota ta shiga ciki a danne ta da ɗan katako. Na gida ya fi sauƙin kuɗi, kuma idan ƙota ta karye, kowace kasuwar ƙauye za a samu wata. Itace mai tauri irin ƙirya ko aduwa ya fi dacewa da ƙota. Na waje irin Fiskars X7 na ƙasar Finlan, mai tsawon kusan santimita 35, bai kai kilo ɗaya ba, ƙotarsa ta roba ce mai ƙarfi wadda ba ruwanta da yanayi. Sai dai idan ta karye, ba a sake mata wata.

A Sakkwato, babban abokin gabar ƙotar itace shi ne bushewar iska. Hunturu da zafin bazara kan tsotse danshin itace, ya tsuke, kan gatari ya fara motsi. Mutane kan jiƙa shi a ruwa, ya kumbura ya kama, amma da ya sake bushewa sai ya fi da sakwarkwacewa. Abin da ya fi shi ne a danne shi da kyau, a riƙa shafa wa itacen mai, kuma a daina barinsa cikin rana. Gatarin da kansa ke girgiɗi ba a sara da shi ko sau ɗaya.

Gwaji kafin a biya

Wayar hannu na da amfani a nan. A kunna tocilan a haska bakin wuƙar kai tsaye: baki mai kaifi ba ya mayar da haske, duk inda ya ƙyalla to wurin ya dakushe. A ja kyamara kusa a karanta lambar ƙarfen, a bincika ta a intanet kafin a ciro kuɗi. Sannan a gwada ta a kan takarda, ta yanka sumul ba tare da yagewa ba. Mai saye ta Jumia, Jiji ko AliExpress ya duba hotunan da waɗanda suka riga shi saye suka ɗora, ya duba tsawo da nauyi, domin gatarin da ya cika allon waya na iya zuwa bai wuce tafin hannu ba.

Kulawa

A wanke, a goge, a busar nan take, musamman da damina. Wuƙar da ke taɓa abinci, ɗan man gyaɗa ya ishe ta, ba baƙin man inji ba. Kada a daɗe da barin baƙin ƙarfe cikin kuben fata, domin fata na riƙe danshi. Wajen washi, a kwantar da ruwan kamar digiri 20 ta kowane gefe a kan jiƙaƙƙen dutse. Gatari kuwa magagari ya ishe shi. Injin gurza ƙarfe na masu walda yana zafafa baki har ya yi shuɗi, daga nan taurinsa ya tafi.

Inda ya kamata a yi hattara

Wuƙa da gatari kayan aiki ne, amma a yanayin tsaron da ake ciki a jihar, wanda aka samu da su a ƙugu a shingen bincike zai sha tambayoyi. A sa su cikin kube, a ajiye cikin jakar kayan aiki, a ɗauke su kawai idan akwai dalili. A filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, kamar kowane filin jirgi, ba a shiga da wuƙa a jakar hannu. Shiga daji don yawon buɗe ido kamar yadda ake gani a YouTube kuwa, sai an tabbatar da lafiyar wurin daga mutanen yankin.

Idan aka yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a wanke da ruwa da sabulu. Rauni mai zurfi na buƙatar asibiti da allurar rigakafin tetanus, kuma mazauna Gawon Nama ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan kusa da su.

Abu na ƙarshe shi ne abin da ake sarewa. Sakkwato na cikin jihohin da hamada ke yi wa barazana. Gawo, wanda sunan unguwar ma da shi ya fara, yana zubar da ganye da damina ya ƙara wa gona taki, da rani kuma ya ba dabbobi inuwa da abinci. Sabon gatari a gwada shi a kan busasshen reshe, a bar ɗanyen itace ya rayu.