Fatar Ruwa da Rayuwar Tsutsar Sauro a Fadamar Rima

Duk wanda ya tsaya da sassafe a bakin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi na Argungu, zai ga wasu ƙwari masu dogayen ƙafafu suna tsere a bisa ruwa ba tare da sun nutse ba. Sai ka ce ruwan yana da fata. Ba fata ba ce; makamashi ne.

Ƙwayar ruwa da ke can ciki 'yan'uwanta na janta ta kowane gefe. Wadda ke sama kuwa, inda ruwa ya haɗu da iska, ba ta da mai janta daga bisa. Saboda haka faɗaɗa fuskar ruwa aiki ne mai cin makamashi, kimanin milijul 72 a kowace murabba'in mita idan zafi ya kai digiri 25. Wannan ne ya sa ɗigon raɓa yake dunƙulewa. Tsakanin 1876 da 1878 Josiah Willard Gibbs na Jami'ar Yale a Amurka ya shigar da wannan iyaka cikin ilmin zafi da makamashi, ya ɗauke ta tamkar layi marar kauri. A 1893 van der Waals na ƙasar Holan ya nuna cewa ruwa yana sirancewa ne a hankali har ya zama tururi, cikin tazarar da ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ba.

Lissafin Gibbs ya bayyana cewa abin da ya fi son taruwa a fuskar ruwa, kamar sabulu, yana rage ƙarfinta. A nan ne maganar ta shafi manomin shinkafa na Birnin Kebbi. Tsutsar sauron Anofilis, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, iska take shaƙa. Tana kwanciya a miƙe ƙarƙashin fuskar ruwan kwance, tana maƙale da ita. Idan aka shimfiɗa siririn mai a kai, maƙalewar ta gagara, man kuma ya toshe ƙofofin numfashinta. Da wannan dabara, haɗe da janye ruwan kududdufai, aka rage sauro lokacin haƙa Mashigin Fanama, daga 1904 zuwa 1914.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka an halatta zuba baƙin man inji a fadama. Gubarsa na kashe 'ya'yan kifi da ƙwarin da ke cin tsutsar, kuma da zarar ruwa ya taso zai kwashe shi zuwa Rima, inda masuntan Kabawa ke jefa homa.