Waƙoƙin Makaɗan Baka a Rediyo da Intanet: Nazari a Kan Haƙƙin Mallaka

1.0 Gabatarwa

Har yau da wuya a wuni ba a ji muryar Alhaji Mamman Shata ko Alhaji Musa Ɗanƙwairo ko Ɗanmaraya Jos a wata tashar rediyo ta Arewa ba, kuma waƙoƙinsu sun cika YouTube da Audiomack. Wannan maƙala ta dubi matsayin waɗannan waƙoƙi a dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, da dalilin da ya sa kuɗin da suke jawowa ba kasafai yake isa ga magada ba.

2.0 Tsarin Sakayya na Gargajiya

Makaɗin Hausa bai dogara da sayar da waƙa ba. Ubangida ne yake sallamarsa da doki ko riga ko mota ko kujerar Makka. Saboda haka, lokacin da gidan rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, ya riƙa naɗar waƙoƙi, makaɗa sun ɗauki sanya su a iska a matsayin talla: sunan makaɗi ya yi nisa, gayyata ta ƙaru. Wannan lissafi yana da ma'ana muddin makaɗi yana raye. Da zarar ya rasu, gayyata ta yanke, faifai kuwa ya ci gaba da juyawa.

3.0 Abin da Doka Ta Tanada

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta bambanta waƙa da naɗinta. Ita waƙar tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, shi kuwa naɗin shekara 50 ne. Ke nan waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, suna cikin kariya har 2069, na Ɗanƙwairo har 2061, alhali wa'adin naɗe-naɗen shekarun 1960 ya riga ya ƙare. Mai ɗora tsohon faifai a intanet yana iya fakewa da tsufan naɗin, amma haƙƙin waƙar yana nan daram. Haka kuma kiran su “waƙoƙin gargajiya” kuskure ne mai tsada, domin yana mayar da aikin mutum sananne tamkar tatsuniya marar mai ita.

Masu karɓar kuɗin su ma ba su zauna lafiya ba. An ba COSON lasisi a 2010, ta yi taƙaddama da ƙungiyoyin gidajen rediyo a 2013, aka amince da MCSN a 2017, sannan Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta dakatar da lasisin COSON a 2018. Duk wannan dambarwa a Legas ta fi zafi.

Saura batun 'yan amshi da masu kalangu ko kotso. Sau da yawa da su ake gina amshin waƙa, amma sunan jagora kaɗai faifai yake ɗauka, kuma da wannan suna manhajojin intanet suke lissafin wanda za a biya.