Rabon Masu Bashi: Darasi Ga Kwamitocin Masallatanmu

 

A cikin mutane takwas da Allah Ya ware wa zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba, masu bashi ne suka fi wuyar ganewa. Matalauci ana ganin talaucinsa a tufafinsa, matafiyin da guzuri ya ƙare masa yakan faɗa da bakinsa. Wanda bashi ya yi wa katutu kuwa yana iya zuwa sallar Juma'a da babbar riga wankakkiya, ya tsaya a sahun gaba, a sallame ya sulale ta ƙofar baya don kada su yi ido biyu da mai shagon da yake bin sa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai ba kowa yake yarda a leƙa cikinsa ba.

Dalilin da ya sa muka keɓe darasin bana ga wannan rabo shi ne, bashin da mutanen Kambaza da sauran garuruwan Gwandu da Kalgo suke ɗauke da shi a yau ya fi na iyayenmu fuskoki. Akwai tsohon bashin damina, wanda ake cin hatsi ko kuɗi da alkawarin biya da kaka. Akwai jinginar gona. Sannan ga abin da shekarun baya-bayan nan suka ƙaro. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoma rance a Birnin Kebbi, manoman shinkafa da yawa suka karɓi iri da taki da injin ban ruwa a matsayin lamuni. Ambaliyar daminar 2020 ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a fadamun jihar nan, amfanin ya tafi, bashin ya zauna. Daga 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin shayar da gonar rani ya ninka. Matasa kuma sun sami wata sabuwar ƙofa a wayoyinsu: manhajojin da suke ba da rance cikin minti kaɗan, su ɗora kuɗin ruwa mai nauyi, wasunsu har su aika wa dangi da abokai saƙon tozarci idan an makara. Magidanci ɗaya yana iya haɗa uku daga cikin waɗannan, yana cin wannan ya toshe wancan, alhali ko matarsa ba ta san jimillar abin da ake bin sa ba. Sau da yawa shi kansa bai sani ba.

A nan ne aikin kwamiti yake farawa, kuma da alƙalami yake farawa kafin a kai ga kuɗi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka: a rubuta adadi da ajali, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu. Mun saba karanta ta a matsayin umarnin ranar cin bashi, amma amfaninta bai ƙare a ranar ba. Idan mutum ya zo da kukan bashi, a zaunar da shi a keɓe, liman da mutum ɗaya daga kwamiti, ya lissafo duk wanda yake bin sa, da nawa ne, da yaushe ajali ya cika, da abin da aka jingina. A ƙasar Malam Abdullahi na Gwandu, mai Liya'ut Ta'awili, ba a rasa wanda zai rubuta wannan a kowane zaure, da boko ko da ajami. Mafi yawan mutane sai a wannan zama suke fara ganin bashinsu a wuri ɗaya. Wani ya ga ya fi yadda yake zato. Wani kuwa, kuma ba su da kaɗan, ya ga dodon da ya hana shi barci bai kai girman da yake tsoro ba.

Daga nan sai a tace. Abin da aka ɗora a kan uwar kuɗi saboda jinkiri riba ne, haka ma buhu ɗaya da aka bayar rance a kan a mayar da biyu. Wannan ya sha bamban da salam, inda ɗan kasuwa yake biyan kuɗi a take don a kawo masa sanannen awo na hatsi a sanannen lokaci, wanda halal ne idan sharuɗɗansa sun cika. Gonar da aka jingina, mai kuɗi yana nomawa yana cinye amfaninta shekara da shekaru alhali bashin bai ragu da ko kwabo ba, ita ma rance ce da ta jawo amfani, kuma malamanmu na Malikiyya sun hana. Kwamiti ba kotu ba ne, ba shi da ikon soke komai. Amma liman yana da baki, kuma mai bin bashi da yawa idan aka tunatar da shi a asirce, cikin mutunci, yakan haƙura da ƙarin.

Yadda za a fuskanci masu bin bashi kuwa, akwai shi a ƙissar Jabir ɗan Abdullahi da Bukhari ya ruwaito. Mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, ya bar masa 'yan'uwa mata da bashi mai nauyi da gonar dabino. An roƙi masu bin bashin su sassauta, suka ƙi. Sai Manzon Allah (SAW) ya umarci Jabir ya ware dabinonsa, kowane iri da tarinsa, sannan aka kira su, aka yi ta awo har kowa ya karɓi haƙƙinsa. Albarkar da ta sauka a dabinon mu'ujiza ce, ba ta hannunmu. Tsarin kuwa namu ne mu ɗauka: a tantance abin da yake hannu, a jira lokacin girbi, a tara masu haƙƙi, babba ya zauna a tsakani. Abin da yake halaka manomanmu shi ne kishiyar wannan. Mai bin bashin da ya fi tsawa shi yake kwashe buhunan tun daga masussuka, surukin da ya yi kawaici ya tashi a tutar babu, zumunci ya lalace. Fiƙihu ya ce idan bashi ya kewaye dukiyar mutum, ana bar masa abincinsa da na iyalinsa da tufafinsu, sauran a raba wa masu bi gwargwadon haƙƙin kowa.

Bari mu buga misali, don a ga lissafin a fili. Mu ɗauka manomi ana bin sa naira 360,000: mai taki 180,000, mai mai 90,000, surukinsa 60,000, mai shago 30,000. Bayan an ware masa abincin gida, abin da kakar bana za ta ba shi 180,000 ne, wato rabin bashin. Sai kowa ya karɓi rabin nasa: 90,000 da 45,000 da 30,000 da 15,000. Surukin da ya ga an ba shi rabi a gaban liman, ba tare da ya roƙa ba, ya yafe saura. Ya rage 150,000. Masu taki da mai suka yarda su jira noman rani, wanda aya ta 280 ta Baƙara ta riga ta wajabta musu idan mutum yana cikin ƙunci na gaske, aka rubuta zai kawo 90,000 a lokacin. Giɓin da ya rage 60,000 ne, shi zakka za ta cike. Kuɗin da da zai tafi ga mutum ɗaya ya ishi mutum shida.

Wata mas'ala da take wuce wa mutane a nan: neman rangwame a bashin da ajalinsa ya riga ya cika babu laifi, domin Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi wa Ka'abu ɗan Malik nuni ya sauke rabin abin da yake bin Ibn Abi Hadrad, sannan ya umarci ɗayan ya tashi ya biya. Amma a ce wa mai bi ya rage don a biya shi kafin ajali, wannan mazhabar Malik ta hana. Kwamitoci su kiyaye.

Takarda ita kaɗai ba ta biyan bashi. Tsakanin kaka da girbin rani akwai suna da biki da jinya, akwai kuma ranar kasuwa da kuɗi a aljihu. Shi ya sa muke neman kowane mai tsarin biya a haɗa shi da mutum biyu da shi da kansa zai zaɓa, amintattu, zai fi kyau ɗaya daga ciki ya kasance ya taɓa shiga bashi ya fita. Hujjarmu ita ce ƙissar Salmanul Farisi da Imam Ahmad ya kawo. Ubangidansa ya yanka masa fansar dabino 300 da zai dasa su kama, da uƙiya 40. Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbai su taimaki ɗan'uwansu. Wannan ya kawo dashe 30, wancan 20, wani 15, wani 10, kowa gwargwadon abin da yake da shi, har suka cika 300. Suka taya shi haƙa ramuka, Annabi ya dasa da hannunsa mai albarka. Sai bayan wannan duka aka zo da wani curin zinariya kamar ƙwan kaza, aka ba shi ya biya saura. Fansar wuya ce ba rance ba, mun sani, amma a duba yadda abin ya jeru: adadi sananne, gumin mai shi, hannun abokai, sannan kyautar da ta rufe giɓi.

Mu ma muna da irin namu dashe. Gayya ranar dashen shinkafa ko ranar yanka tana sauke wa mutum kuɗin ƙwadago da da sai ya ciyo bashinsa. Aron injin ban ruwa na kwana biyu, ko amalanke ranar kwasa, sadaka ce da ba ta bi ta aljihu ba. Adashi, wanda malamai da yawa suka halatta matuƙar kowa abin da ya zuba yake kwasa, ana iya ba mai bashi kwasar farko, a miƙa ta kai tsaye ga mai bi a gabansa. Mata sun fi mu sanin wannan hanya, kuma bashinsu, na kayan ɗaki da na jarin sana'ar cikin gida, shi ya fi ɓoyuwa. Dole kowane kwamiti ya sami dattijuwa ko malamar Islamiyya da za a iya kai wa kuka. Amma babban aikin abokan nan biyu shi ne zama da shi sau ɗaya a wata, a buɗe takarda, a ga abin da aka biya, kuma ya yi musu alkawarin ba zai ci sabon bashi ba sai sun ji. Asirinsa amana ne a wuyansu. Wanda ya kai maganar majalisa ya sauka daga aikin.

Wani zai ce: zakka haƙƙin mai bashi ce, don me za a jera masa sharuɗɗa? Tambayar tana da nauyi. Shaihu Halil a Muhtasar ya gindaya cewa ana ba mai bashi ne bayan ya bayar da kuɗin da yake hannunsa da abin da ya yi rara na kayansa, kuma bashin bai kasance na ɓarna ba sai in ya tuba, ba kuma wanda aka ci don a sami zakka ba. Wannan shi ne asalin tantancewarmu. Jiran girbin da bai zo ba kuwa, ba mu ce shari'a ta wajabta shi ba. Ƙarancin abin da yake shigowa ne da yawan masu nema suka sa muka zaɓe shi, kuma ba a kan kowa ba. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da bashin asibiti, da mara lafiyan da ba shi da gona, da wanda yake tsare saboda 'yan kuɗi kaɗan, waɗannan ba a ce musu su kawo tsari. A biya, a sallame su.

Ga masu ba da zakka, abu biyu. Idan kana bin talaka bashi, ba ya halatta ka yafe masa ka lissafa shi a zakkarka, ko ka ba shi da sharaɗin ya mayar maka. Yafewar sadaka ce mai lada, zakka kuwa tana nan a kanka. Na biyu, zakka mallakawa ake yi, ba a ba da ita rance. Wanda yake son kuɗinsa su yi ta zagayawa, ƙofarsa waƙafi ce, domin Malikiyya sun halatta a yi waƙafin tsabar kuɗi don a riƙa rantawa ana mayarwa ba tare da ƙari ba. Irin wannan asusu shi zai tare manomi a watan da yake neman taki, kafin ya faɗa hannun mai buhu biyu.

Saura bashin mamaci. A mazhabarmu ana iya biyansa daga zakka idan bai bar abin da zai biya ba, amma sai an san shi tukuna. Zubairu ɗan Awwam ya yi wa ɗansa Abdullahi wasiyya da bashinsa a ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan hijira. Aka lissafa ya kai 2,200,000. Abdullahi ya sayar da filaye ya biya, sannan ya ƙi raba gado sai da ya yi shela a lokacin aikin Hajji shekara huɗu a jere. Sanarwar da muke yi a bakin kabari, cewa mai bin mamaci bashi ya zo, ba ta wadatar ba, domin kunya tana hana mutane magana a ranar. Muna roƙon kowane kwamiti ya wakilta mutum ɗaya da zai koma gidan bayan an share makoki, ya zauna da magada, ya zagaya wurin masu shago da abokan cinikin mamacin, ya rubuta abin da ya samu kafin a taɓa gado. Abin da dukiyar ta kasa ɗauka, a kawo wa sakatariya a rubuce, da sa hannun liman da shaidu biyu.