Amsoshin Tambayoyinku: Zan Iya Haɗa wa Motata Soket da Kaina?

Tambaya: Ina tuƙa Toyota Hilux tsakanin Gashuwa da ƙauyukan Yusufari. Idan zan shiga rairayi nakan rage iskar tayoyi, in na fito kwalta kuma in cika su da ƙaramin injin iska da nake jonawa a soket ɗin kunna sigari. Sau biyu fis yana ƙonewa, yanzu bakin soket ɗin ma ya narke. Wani abokina ya ce in sayi soket da fulogi irin na gida, in ja waya daga batir. Me kuke gani?

Amsa: Za ka iya haɗawa da hannunka, amma don Allah ka ajiye shawarar abokin naka. Fulogin gida a wutsiyar injin da ke cin bolt 12 tarko ne. Wata rana yaro ko baƙo zai tsinci injin, ya ga fulogi irin wanda ya sani, ya soka shi a bango inda wuta take bolt 230. In an yi sa'a injin ne kawai zai ƙone. Ban da haka, fulogin nan mai baki uku amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka, ƙasa da abin da injinka yake nema.

Soket ɗin sigarin ma da ya narke ba shi da laifi. A yawancin motoci fis ɗinsa amfiya 10 ne zuwa 15, injin iska mai ɗan ƙarfi kuwa yakan ja 20 zuwa 30. Kayan raƙumi aka ɗora wa jaki. Ga shi kuma tsinin fulogin ne kaɗai yake taɓa ƙarfen tsakiyar soket ɗin, da an hau gargada sai ya riƙa saki yana kamawa, wurin ya ɗau zafi, roba ta narke.

Abin da masu shiga daji da mota suka fi dogara da shi shi ne mahaɗin Anderson, samfurin SB50, mai ɗaukar amfiya 50. Ba shi da mace da namiji. Guda biyu iri ɗaya za ka saya, ɗaya a wayar mota, ɗaya a wutsiyar injin iskar, ka juya ɗaya ka tura cikin ɗan'uwansa, kuma ba ya yarda ya shiga a karkace, saboda haka jar waya ba za ta taɓa haɗuwa da baƙa ba. Ka sayi masu launi ɗaya, don ruwan toka ba ya shiga ja.

Inda aikin yake, ɗan'uwa, shi ne waya, kuma nan nake so ka ba ni hankalinka. A ce soket ɗin a bayan Hilux za ka kafa shi, mita 5 daga batir. Wuta tana zuwa tana dawowa, tafiyar mita 10 ke nan. Idan ka ja amfiya 20 ta wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 2.5, irin ta soket ɗin ɗaki, kusan bolt 1.4 zai salwanta a hanya, ya zama zafi a jikin wayar. Injin zai yi ta gurnani ba ƙarfi. Da waya mai kauri 10, asarar ba ta kai rabin bolt ba. Ita nake ba ka shawarar saye, ja da baƙa, mai siraran zaruruwa da yawa a ciki, wadda take lanƙwasa ba ta karye ba. Kafin ka biya kuɗi ka feɗe bakinta, ka kankare zare ɗaya da reza. In ka ga fari ya bayyana ƙarƙashin ja, alminiyom ne aka yi wa rigar jan ƙarfe, ka mayar wa mai shago kayansa. Kasuwa cike take da irinta, kuma tana ɗaukar wuta ƙasa da ta gaskiya nesa ba kusa ba.

Sai fis. A kan jar waya za ka sa shi, dab da batir, kada tazarar ta wuce taƙi ɗaya. Mutane da yawa sun ɗauka injin yake karewa, alhali wayar yake tsaro. Duk tsawon da ka bari tsakanin batir da fis ba shi da mai gadi, kuma batirin mota yana iya zubo ɗaruruwan amfiya nan take idan jar waya ta taɓa bodi. Na taɓa tsayawa a gareji kan wata mota da ƙarfen gefen injinta ya goge wayarta har ya cinye robar: wayar ta yi ja zur kamar garwashi, ta narkar da duk ’yan'uwanta da ke ɗaure tare da ita. Babu fis a kanta. Ga waya mai kauri 10, fis na amfiya 40 ya yi. In ya ƙone, a nemi dalili, kada a naɗa masa zaren waya.

Ranar aiki ka fara cire baƙin kan batir, shi ne kuma na ƙarshe da za ka mayar. Ka feɗe wayar daidai zurfin bakin ƙarfen mahaɗin, ka tura zaruruwan duka ciki, ka matse da matsi irin na masu wayarin. In ba ka da shi, ka kai musu su matse maka, aikin minti biyar ne. Ni ban cika son dalma a motar daji ba, don tana bin zaruruwa ta sandarar da su, girgiza kuma ta karya wayar daidai inda dalmar ta tsaya. Bayan matsewa ka ja da ƙarfinka, in ta zare a sake. Sannan ka tura bakin cikin gidansa har ka ji ƙas, kana duba alamar tarawa da ta ɗebewa da ke jikin robar.

Ka sa wayar cikin bututun roba, ka nisanta ta da salansa, ka ɗaure ta duk bayan taƙi biyu, inda za ta ratsa ƙarfe kuma a sa zoben roba. Soket ɗin ya kalli ƙasa, ka samo masa murfi, don ƙurar Yusufari ba ta barin rami a buɗe.

Da ka gama, ka tayar da mota, ka kunna injin iskar na minti biyar, sannan ka bi wayar da hannu tun daga batir har soket. Ɗumi kaɗan ba komai. Duk mahaɗar da ta ƙi taɓuwa don zafi ba ta matsu ba, a kwance a sake ta. Kuma kullum ka bar mota a kunne yayin da kake cika tayoyin, kada batir ya mutu maka a tsakiyar rairayi.