Yadda ake gane ma'anar kalmar "sharp" da amfani da ita

Ƙamus zai ce maka "sharp" tana nufin mai kaifi. Gaskiya ne, amma idan ka tsaya a nan, rabin jimlolin da za ka gamu da su za su ɓatar da kai. Tsohuwar kalma ce, sama da shekara 1000 da suka wuce mutanen Ingila suna rubuta ta "scearp", kuma ta tara ma'anoni da yawa. Ga yadda za ka bi da ita.

Da farko, duba sunan da ke biye da ita. Idan wuƙa ce ko reza ko almakashi, kaifi ake nufi. Idan allura ce ko ƙaya ko fensir, tsini ne. Kishiyarta "blunt", wato abin da ya dakushe.

Na biyu, idan kan mutum aka faɗe ta, sai ka natsu, domin a nan yabo da zagi suke cakuɗewa. "Sharp mind" kaifin basira ne, "sharp eyes" kaifin gani, duka yabo. "Sharp tongue" kuwa harshe ne mai yanka, ba wanda zai gode maka don ka siffanta shi da haka. Wadda ta fi yaudarar ɗalibai ita ce "sharp practice". Kunne zai ji kamar ƙwarewar aiki ake yabawa, alhali ha'inci take nufi, irin na mai tauye mudu. A titunan Najeriya ana ce wa mai wayo "sharp guy" cikin raha, amma ni dai ba zan sa wannan a takardar shaidar da zan rubuta wa mai neman aiki ba.

Na uku, in abin ba ya yanka kuma ba mutum ba ne, nemi ma'anar abin da ya zo kwatsam da ƙarfi. "Sharp pain" ciwo ne mai suka. "Sharp bend" a allon gefen hanya gargaɗi ne ga direba cewa akwai muguwar kwana a gaba. "Sharp rise" a labarin kasuwa, farashi ne ya yi tashin gwauron zabo. A ɗanɗano tsami take nufi, a hoto kuma ya fito tar.

Na huɗu, lokaci. A nan bayan awa take zuwa: "at 8 o'clock sharp", ƙarfe 8 daidai, ba ƙari ba ragi.

Sai ka kiyaye sigoginta. Wajen kwatance "sharper" da "sharpest" ake cewa, "more sharper" kuskure ne. Wasa wuƙa ko fiƙe fensir "sharpen" ne, kaifin kansa "sharpness". Kada ka musanya ta da "acute" barkatai: wannan ta likita ce ga ciwon da ya taso farat ɗaya, da malamin lissafi ga kusurwar da ba ta kai digiri 90 ba. Ba a faɗar ta ga wuƙa.

"Sharp sharp" da ake ji a tasha da kasuwa, ma'ana maza-maza, Turancin buroka ne. A jarrabawar WAEC ko NECO, rubuta "quickly" ko "immediately".