GISHIRI A LAMBU: Nazari a Kan Illarsa ga Kayan Miya a Kudancin Kano

Gabatarwa

Bahaushe ya san gishiri a tukunya, ya san kanwa a tuwo da abincin dabbobi, ya kuma san ruwan zartsi a rijiya. Abin da bai cika lura da shi ba shi ne gishirin da ke taruwa a cikin ƙasar lambu sannu a hankali, har ya kai ga rage amfanin gona. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda hakan ke faruwa, da abin da masana kimiyyar tsirrai suka gano game da shi, da kuma yadda ya shafi masu noman rani a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Tarihin ban-ruwa a wannan yanki

A da, noman rani sana'ar fadama ce, da jigo da guga. Abin ya sake tun daga lokacin da gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, tsakanin 1971 da 1974. Kogin Kano, wanda ya gangaro daga duwatsun kudu ya ratsa dajin Falgore, shi aka tare a nan. Daga Tiga ne ruwa ke bin babbar hanyarsa zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, inda aka tsara shayar da hekta 22,000 a kashin farko na aikin. Waɗanda hanyar ruwan ba ta bi ta gonakinsu ba kuwa, sun koma ga rijiyar burtsatse da injin ban-ruwa a bakin rafuka. Da haka tumatir da attaruhu da tattasai da albasa suka zama abin dogaron dubban magidanta.

Daga ina gishirin yake zuwa?

Babu ruwan ban-ruwa da ba shi ɗauke da gishiri, komai daɗinsa a baki. Idan aka shayar da fangali, shuka ta sha rabonta, rana ta ƙafe sauran, gishirin ba ya bin tururi zuwa sama, a ƙasa yake zama. Bari mu yi lissafi don misali. A ɗauka kowace lita ta ruwa tana da miligiram 100 na gishiri, watau ruwa mai daɗi ƙwarai. A kuma ɗauka hekta guda ta sha lita miliyan 6 a rani ɗaya. Gishirin da ya shiga gonar ya kai kilo 600, watau buhu 12 masu cin kilo 50.

Sa'ar da kudancin Kano ya yi ita ce ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, damina kuwa takan wanke gishirin ta gangara da shi ƙasa. Amma wannan wanki yana da sharaɗi, shi ne ruwan ya sami mafita. Inda magudanai suka toshe da yashi da ciyawa, aka kuma dinga kwarara ruwa fiye da ƙima, sai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da saiwoyi. Da bazara, zafin rana ya jawo shi sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ya ƙafe, ya bar farin ɓawo a kan kunya. Yawan zuba takin zamani ma yana ƙara abin, domin shi kansa takin nau'in gishiri ne.

Yadda gishiri ke cutar shuka

Duk wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ya ga yadda ruwa ke tsattsafowa daga cikinta. Ruwa yakan bi inda gishiri ya fi yawa. To, idan gishirin ƙasa ya yi yawa, sai jan ruwa ya yi wa saiwa wuya, shuka ta yi yaushi alhali fangalinta jiƙe yake. Manomi ya ga haka ya ƙara ruwa, ya ƙara tsananta ciwon in babu magudana.

Rana Munns, masaniyar tsirrai ta ƙasar Ostareliya, ta nuna cewa cutar hawa biyu ce. Hawa na farko shi ne wannan ƙishirwa, wadda ke tsayar da girman sabon ganye nan da nan. Hawa na biyu yana ɗaukar makonni: gishirin da ya shiga jikin shuka ya taru a tsofaffin ganyaye har ya zama guba, bakinsu ya ƙone, su zube. Akwai kuma illa ta uku da ta shafi ƙasar kanta. Idan gishirin dangin kanwa ne, yakan lalata laka, ƙasa ta daskare, ruwa ya kwanta a kai ya ƙi shiga.

Kowace shuka da iyakarta

Ana auna gishirin ƙasa ta hanyar duba yadda ruwan da aka tatso daga cikinta ke ɗaukar lantarki, da ma'aunin da ake rubutawa dS/m. A nan za mu kira shi awo. Ƙasar da ta wuce awo 4 ita masana ke kira mai gishiri. A 1977, Maas da Hoffman na cibiyar binciken gishirin ƙasa da ke Ribasaid a Amurka suka tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, suka nuna cewa kowace shuka tana da iyakar da take jurewa, daga nan amfaninta ya fara raguwa daidai-wa-daida.

Tumatir yana jurewa har awo 2.5, bayan nan kowane ƙarin awo ɗaya yana cin kusan kashi 10 cikin 100 na amfani. Iyakar dankalin Turawa 1.7 ce, ta tattasai 1.5, ta albasa 1.2, ta karas kuwa 1.0. A ƙasa mai awo 4, wanda ya saba ɗiban kwando 100 na tumatir zai tashi da kamar 85, mai buhu 100 na albasa kuwa da kamar 55. Alkama ba ta fara jin jiki sai a awo 6. Ashe ke nan kayan lambu su ne ke fara ba da labari tun kafin farin ɓawo ya bayyana.

Gishiri da ingancin amfani

A nan ne binciken ya zo da abin mamaki. A 1982, Yosef Mizrahi na Jami'ar Ben-Gurion ya buga sakamakon gwajin da ya yi, inda ya raini tumatir da ruwa mai giram 3 da mai giram 6 na gishiri a kowace lita. 'Ya'yan suka fito ƙanana, suka riga sauran nuna, amma suka fi zaƙi da tsami da kauri, suka kuma fi daɗi a baki. Dalili shi ne ruwan da ke shiga ɗan tumatir ya ragu, sai sukarin da ke ciki ya yi kauri, tamkar miyar da aka bari ta ƙafe a wuta. Sai dai kuma wannan tumatir bai jure ajiya ba, ya yi saurin laushi.

Mai karatu zai iya cewa ai riba aka ci. Sai mu tambayi kasuwa. A Kwanar Gafan da 'Yankaba da kwando ake ciniki, mai saye girma da ƙarfin ɗan tumatir yake dubawa. Kayan da za su yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Legas a bayan mota, saurin laushi asara ce gare su. Bugu da ƙari, gishiri yana hana sinadarin kalsiyam isa ƙarshen ɗan tumatir da na tattasai, sai gindinsa ya yi baƙi ya ruɓe. Manoma da yawa sukan ɗauka tsutsa ce su yi ta feshin magani a banza. Wanda kaurin tumatir zai yi wa rana shi ne mai shanya kauɗa, ko masana'antar tumatirin gwangwani irin wadda Ɗangote ya buɗe a Kadawa a 2016.

Abin yi

Na farko, a yashe magudanai kamar yadda ake yashe hanyar shigar ruwa, domin gonar da ruwa ke shiga ba ya fita, ajiyar gishiri take yi. Na biyu, a riƙa ba da ruwa daidai bukata, jefi-jefi kuma a yi ban-ruwa mai nauyi don wanke ƙasa, in akwai mafita. Na uku, a yi shuka a gefen kunya, domin gishiri a ƙololuwarta yake taruwa. Na huɗu, a rufe fangali da ciyawa ko ƙaiƙayi, a yawaita takin gargajiya. Inda matsalar ta kanwa ce, jibsam, watau dutsen da ake haɗa siminti da shi, yana gyara ƙasa. Na biyar, a kai ƙasa da ruwan rijiya a auna. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tasha a Kadawa, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa tana da reshe a Bagauda, ga kuma Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Ƙasashe ta Jami'ar Bayero.

Kammalawa

A 1958 Jacobsen da Adams suka nuna yadda manoman tsohuwar Iraƙi suka bar alkama suka koma sha'ir sa'ad da gishiri ya ci gonakinsu. A 2024 kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa gishiri ya shafi kusan hekta biliyan 1.4 a duniya. Kudancin Kano yana da damina mai wanke masa ƙasa, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa shi ne su tattara sunayen da manoman Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ke kiran ire-iren ƙasa da cututtukan shuka da su, su haɗa kai da masana aikin gona, domin wannan ilmi ya isa bakin fangali cikin harshen da mai lambu yake ji.