Ɗan kunne yana sa mini ƙaiƙayi, ko faladiyam zai fisshe ni?

Tambaya: Anti, daga Zongon Sokodé nake. Duk ɗan kunnen da na sa sai kunnena ya kumbura yana ruwa. Yanzu ana haɗa mini lefe, an ce in nemi farin zinare mai faladiyam. Haka ne?

Amsa: Ƙanwata, galibi mai laifin shi ne nikel, ƙarfen da ake cakuɗa wa kayan ado masu araha. Gumi yana narkar da shi kaɗan-kaɗan ya shiga fata, ga kuma zafinmu na bazara. Tun 1994 Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan nikel ɗin da kayan ado za su fitar.

Farin zinare kuwa, da nikel ko da faladiyam ake farar da shi, sannan a shafe shi da rodiyam. Shafen nan yana gogewa, abin da ke ƙasa ya taɓa fata. Saboda haka mai faladiyam ya fi. Shi kuwa ɗan kunnen faladiyam, ba na farin zinare ba, in an buga masa hatimin 950, kashi 95 cikin ɗari faladiyam ne.

Sai dai kada ki saki jiki. Da yawa daga masu borin nikel jikinsu yana ƙin faladiyam ma. Kafin dangin ango su kashe kuɗi, je asibitin yanki na Sokodé a haɗa ki da likitan fata. Akwai gwajin da ake manna wa mutum a baya na kwana biyu, don a gane ƙarfen da jikinsa ke ƙi.

Ni dai da ni ce, jan zinare mai karat 21 ko 22 zan zaɓa, ko taitaniyam ga sabon huji.